Layin Yaya a Wasan Ɗan Dako

Tun ranar da ciwon nan ya kayar da Yaya na zama kamar hannun da aka kwana a kansa. Ana taɓa ni, ina ganin ana taɓa ni, amma ba na ji. Yayana ne ciki ɗaya, shekara biyu kawai ya ba ni, kuma tun muna yara ba a cika ganin ɗayanmu ba tare da ɗayan ba. Hawan jini ne ya buge shi yana alwalar la'asar. Aka kai shi Maraɗi, ya yi kwanakin da ya yi, aka dawo mana da shi Gazawa ɓarin damansa a shanye, harshensa ya yi nauyi, kalma ɗaya sai ya yi gumi kafin ta fito. Likita ya ja ni gefe ya ce irin wannan ciwo yakan dawo, kuma in zai dawo ba ya sallama. Na ce masa to, na gode. Mutane suna ta zuwa dubiya, mata suna share hawaye da bakin mayafi, ni kuwa ina zaune ina amsa gaisuwa daidai yadda ake amsawa. Ina cin abinci, ina zuwa masallaci, ina buɗe shagon ɗinkina in taka keke har azahar. Na sha tambayar kaina wane irin ƙane ne ni, amma ita ma tambayar ba ta yi mini zafi ba.

Matarsa ce ta tono abin. Tana kwashe kayan ɗakinsa don a samu wurin shigar da gado, ta ci karo da wata tsohuwar adaka, a ƙasanta akwai ƙunshi cikin tsohon zanen Inna, mahaifiyarmu. Ta kawo mini ta ce in duba, in ba abin amfani ba ne ta ba jikoki su yi mota da shi. Na kwance. Akwatin wasanmu ne, robarsa ta koma ruwan ƙasa, da abin dannawa guda da muke kira manet, wayarsa an ɗaure ta da tsumma wuri biyu, sai kaset ɗaya tak wanda takardar jikinsa ta goge. Na daɗe ina juya kaset ɗin a hannu. Abin da ya fara dawo mini bayan makonni ba baƙin ciki ba ne, kunya ce, tsohuwar kunya da na ɗauka ta mutu tuntuni. Akwai abin da na yi wa Yaya a kan wannan kaset ban taɓa gaya masa ba, ga shi yanzu an ce mini lokaci ba a hannuna yake ba.

Yaya ne ya zo da akwatin daga cin rani, shekarar da gemu ya fara tsiro mini. Wasu suna dawowa daga Najeriya da rediyo, wasu da keke, shi ya dawo da 'yar tele, wato talabijin, mai baƙi da fari da wannan akwati a cikin buhu. Kaset biyu ya zaɓa, na ƙwallo da na dambe, mai kayan ya ɗora masa na uku gyara, yadda mai ƙuli-ƙuli take ƙara maka ɗaya a kai. Lokacin babu wuta a unguwarmu. Batirin mota muke ɗorawa a amalanken jaki mu kai wurin mai injin niƙa ya cika mana, ya kwana biyu can, mu dawo da shi muna lallaɓa jakin kamar mun ɗauko mai jego. In ya cika dam yakan kai mu daga hantsi zuwa bayan la'asar, daga nan hoton ya fara tsukewa, ya yi ta tsukewa har ya koma ɗigo ɗaya a tsakiyar gilashi. Da bazara, in an gama sharar gona ana jiran ruwa, samarin unguwa duk a zaurenmu suke yini. Ƙwallo da dambe suke so. In aka sa na ukun sai su fara tashi ɗaya bayan ɗaya suna karkaɗe riga, wani ya ce wanga ai wahala ce ba wasa ba.

Ta wani ɓangaren da gaskiyarsu. Ba mu san sunan wasan ba, rubutun da ke fitowa a farkonsa ko 'yan lakol masu karatun boko ba su iya karanta shi ba, mu muka raɗa masa Ɗan Dako. Wani ɗan guntun mutum ne da kaya niƙi-niƙi a ka, ba shi da bindiga, ba shi da takobi, ba ya naushi. Tafiya kawai yake yi daga hagu zuwa dama, ya tsallake rami, ya hau tsani, ya dakata tsuntsu ya wuce, ya taka katako mai lilo ya jira ya kai shi hayi. Kayan kansa sun sa shi nauyi. In ka danna tsalle sai ya ɗan yi jinkiri kafin ya tashi, saboda haka dole ka danna tun saura taki ɗaya ka isa bakin ramin. Wanda ya jira sai ya ga ramin a gaban ƙafarsa ya faɗa ya gama. Rai uku ake ba ka, kana iya tsintar ƙari a hanya in ka san inda aka ɓoye, kuma in suka ƙare babu ci gaba daga inda ka tsaya, sai ka koma ƙofar farko ko da yini ka yi kana tafiya. Kiɗansa kuwa 'yan sautuka ne kaɗan, tin-tin-tirin, tin-tin, suna ta maimaita kansu. Har yau in ina taka keke nakan tsinci ƙafata tana bin wannan kiɗa.

Abin da ya riƙe mu ni da Yaya shi ne wasan ba ya ha'inci. Ramin da ka bari jiya yana nan inda yake, tsuntsun da ya buge ka daga wuri ɗaya yake fitowa kullum. In ka faɗa, kai ka faɗa, ba ka da wanda za ka ɗora wa. Yaya yakan ce shi abin da ya sa yake son wasan ke nan, mutum ya san laifinsa da kansa. Yau ina ganin jikokina da waya a hannu, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya, wasanni barkatai cikin abu ɗaya, in wannan ya yi wuya su share shi da yatsa su kama wani. Hotunan nasu sun fi namu kyau nesa ba kusa ba, ban musa ba. Amma ban taɓa ganin biyu daga cikinsu sun tsuguna a gindin dogon yaro suna zana hanyar wasa a ƙasa da tsinke ba, suna gardamar ko tsani na biyu za a hau ko na uku. Mu haka muka yi ta yi, har fura ta tsinke a ƙwarya ba mu sha ba. Manet ɗaya ya rage mana, samari sun kashe ɗayan a wajen dambe, sai muka kafa ƙa'ida: wanda ɗan dakonsa ya mutu ya miƙa wa ɗan'uwansa, ko a ina ne, babu roƙo babu sake gwadawa. Layi muke ce masa. Yaya bai taɓa cin layina ba ko sau ɗaya, duk da ya girme ni kuma kayan nasa ne.

Baba bai hana mu ba, bai kuma so ba. In ya ratsa zaure zai fita sai ya tsaya ya kalli ɗan dakon yana tsalle, ya ce wannan bawan Allah tun watan jiya yake ɗauke da kayan nan, har yanzu an rasa mai kama masa ya sauke. Inna ta ce mu dai kada mu bari ƙarar ta hana mu jin kiran salla. Damuwar Baba ɗaya ce, sama. Irin hatsinsa ya zaɓe shi zangarniya zangarniya tun da kaka, an sussuke an adana a tukunya a ɗakin Inna. Sungumi biyu, dogayen fartanyun da ake saran ramin shuka da su, an gyara musu ƙota an jingine a kusurwar zaure. Kullum maganarsa ita ce ƙasarmu rairayi ce, ba ta riƙe laima, wanda ya bar ruwan shuka ya sha rana biyu ya yi wasa da tuwon shekara. In aka yi ruwan farko mai kyau ba a jiran gobe, ba a jiran baƙo ya tafi, ko taron suna ake yi sai a watse. Yanzu ma ana shuka, amma rabin samarin suna kan kabu-kabu tsakanin nan da iyaka, sai an kira su a waya ana lallashi.

Ranar da abin ya faru, da safe muka ɗauko batir a cike. Zafi ya kai zafi, kaji duk sun buɗe baki a inuwa, ba wani saurayi da ya leƙo. Muka sa Ɗan Dako tun hantsi, kuma ranar hannunmu ya yi kyau yadda bai taɓa yi ba. Muka wuce gada mai rugujewa, muka wuce wurin duhun nan da ya cinye mana wata guda. Ba mu lura hadari ya haɗo daga gabas ba sai da iska ta bugo ƙyauren zaure. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ƙamshin ƙasa ya cika ɗakin, mu dai idonmu na kan gilashi. Bayan azahar, ruwa yana tsagaitawa, muka isa inda ba mu taɓa isa ba: wani dogon tudu, a ƙarshensa rami mai faɗi, a hayin ramin ƙofa buɗe da haske a cikinta. Ba sai an gaya mana ba, ƙarshen tafiyar ke nan. Ni ke riƙe da manet. Wani dutse ya gangaro ya buge ni, rai ya rage ɗaya, na miƙa wa Yaya. Ya goge tafinsa a riga, ya matsa da ɗan dakon kusa da ramin, ya tsaya yana auna shi da ido. Daidai nan Baba ya shigo, hannunsa na dama da jiƙaƙƙiyar ƙasa har wuyan hannu. Ya je ya tona ya gani, laima ta kai inda ake so.

"Ku tashi, ɗiyan nan," ya ce. "Ruwan shuka ne."

Yaya ya ce, "Baba, tsalle guda ya rage."

"Shi wancan ba ya cin tuwo, ku kuna ci. Ku ɗauko sungumi."

Yaya ya danna maɓallin da ke tsayar da wasa, ya kashe tele don batir ya ji da akwatin kaɗai, ya ɗauko faifan Inna ya rufe. Ya ce mini in Allah ya yarda za mu tarar da shi inda muka bar shi.

Gonarmu ba nisa, bayan gari ce kaɗan, wajen gawon nan biyu da yanzu aka yi gidaje. Baba da Yaya suna gaba da sungumi, taki ɗaya sara ɗaya, ni da matan gida muna bin su da ƙwarya, ka tsinci iri da yatsu uku ka jefa a rami ka rufe da diddige, ba ka ko sunkuyawa. Dajin duk ya cika da mutane, ana ɗaga murya ana barka da ruwa daga gona zuwa gona, fararen tsuntsaye suna bin bayanmu. Ba ka jin komai sai cak, cak na sungumi a jiƙaƙƙen rairayi. Ganin yadda ƙasa ta sha, Baba ya ce har gangaren ma yau za a shuka, irin da muka zo da shi ba zai isa ba. Ya ce in ruga gida in ɗebo sauran.

Na ruga. Na shiga ɗakin Inna na cusa hannu a tukunya na cika ƙwarya. Gidanmu kuwa ba shi da wata mafita sai ta zaure. Ina wucewa na hango ɗan jan hasken akwatin ta ƙarƙashin faifai, na ce bari in duba ko batir yana nan da rai, dubawa kawai. Na kunna tele. Ga shi nan tsaye da kayansa a ka, ga ramin, ga ƙofar. Sai zuciya ta ce mini Yaya ya fi ka hannu, zai tsallake, kuma har abada za a ce shi ya kai Ɗan Dako gida, alhali yau kai ka yi rabin tafiyar. Na ajiye ƙwarya na ɗauki manet da jiƙaƙƙen hannu. Ni da na san sai saura taki ɗaya ake dannawa, na san shi fiye da sunana, na tsaya sai da na ga ramin a gaban ƙafarsa. Ya faɗa da kayansa, hoton ya koma ƙofar farko, kiɗan ya tashi kamar ba abin da ya faru. Sannan na yi abin da ya fi faɗawar muni. Na zare waya daga kan batir na yar da ita a ƙasa kamar ita ta faɗi da kanta, na mayar da faifai, na ɗauki ƙwarya na koma gona.

Rana ta kusa faɗuwa muka dawo. Yaya ko ƙafa bai wanke ba ya ɗaga faifan, ya ga babu haske, ya ga waya a ƙasa. Tun bai tambaya ba na ce wataƙila kaji ne suka shigo fakewa. Ya daɗe a tsugune. Ya ɗauki manet ya duba, ya goge shi da babban yatsa, ya naɗe wayarsa a hankali. Ya ce to, Allah bai yi ba. Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Daga nan damina ta ɗauke mu, noma, maimai, girbi. Da kaka Yaya ya yi aure, da rani ya sake tafiya, batirin ya mutu ba a sake shi ba. Ba mu ƙara samun yini guda cur namu mu biyu ba. Na sha niyyar gaya masa. Da farko tsoro ya hana ni, daga baya na ga abin ya yi ƙanƙanta a tsakanin magidanta, daga baya kuma ya tsufa. Shi ya kai ni wurin koyon ɗinki, shi ya tsaya a aurena bayan rasuwar Baba, shi ya yi wa ɗana na fari huɗuba. Duk alherin da ya yi mini, in na buɗe baki zan yi godiya sai ramin nan ya faɗo mini a rai.

Ranar kasuwar Agye na kai akwatin wurin wani tsoho mai gyaran rediyo. Ya yi dariya har da tari, ya ce rabonsa da irin wannan tun kansa yana baƙi. Ya buɗe ya share, ya canja abin da ya canja, ya tono mini wata tsohuwar tele daga ƙarƙashin tebur. Gidan Yaya yanzu akwai sola a kan rufi, ba sai an nemi jaki ba. Na jera kayan a gaban gadonsa na kunna. Kiɗan yana tashi idonsa ya juyo, ɓarin bakinsa mai lafiya ya motsa. Matarsa ta ce tun da aka dawo da shi bai kalli abu ya daɗe haka ba. Na daina buɗe shago da safe. Kullum da hantsi ina gefen gadonsa da tabarau a hanci, yatsuna sun yi tauri, ina faɗawa ramukan da da nake tsallakewa ina hira. Jikoki suka zo suka tsaya kaɗan, suka fice ɗaya bayan ɗaya, daidai yadda samarin unguwa suke yi. Yaya kuwa bai manta komai ba. Duk inda ya rage taki ɗaya sai in ji ya yi gurnani a maƙogwaro, in na yi jinkiri ya rufe ido. Fiye da mako biyu muna haka, ni dai ina yi ne kamar yadda nake taka keke, ban san ko zan kai ba, ban san ko shi zai jira ba.

Ranar da na kai, bayan azahar ne, kuma da rai biyu na isa tudun. Na tura ɗan dakon cikin ramin da gangan, don a ƙa'idarmu sai an mutu ake miƙawa. Rai ya rage ɗaya. Na tsayar da wasan, na tashi na zauna a kan gado ta hagunsa, wajen hannunsa mai aiki.

"Yaya," na ce, "ran nan ba kaji ba ne. Ni ne. Da na dawo ɗibar iri na ci layinka, na hwaɗa, na zare waya."

Bakinsa ya yi ta kokawa da magana. Na jira.

"Na sani," ya ce. Ya huta, ya sake tattaro ƙarfi. "Hatsi. Jikin manet."

Ƙwayoyin iri ne suka manne a hannuna suka maƙale tsakanin maɓallan, su ya goge da yatsa ran nan. Ashe duk shekarun nan da saninsa ya yi mini abin da ya yi mini. Na tambaye shi me ya hana shi magana. Wannan ta fi ba shi wuya, sai da gumi ya tsatso masa a goshi.

"Kai za ka hwaɗi. Da bakinka."

Na riƙe manet da hannun hagu, yatsana a kan maɓallin tafiya, na ɗauko babban yatsansa na ɗora a kan na tsalle. Na ce masa ni zan tafi da shi, shi zai tsallake. Na saki wasan, ɗan dako ya fara takawa, tudun yana ƙarewa. Saura taki ɗaya na ji Yaya ya danna, daidai lokacin da ya kamata, amma yatsan ba shi da ƙarfi, sai a karo na biyu maɓallin ya shiga. Ɗan dako ya tashi a makare, ya taɓa bakin hayi da ƙafa, ya zame ya faɗa.

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Yaya, har matarsa ta rugo daga madafa da ludayi a hannu tana salati. Dariya yake yi, da rabin fuska, miyau yana zuba, kafaɗarsa ɗaya tana girgiza. Da ya lafa sai ya sa bayan hannunsa ya turo manet kan cinyata.

"Layinka," ya ce.

Hoton ya koma ƙofar farko, kiɗan ya tashi. Na riƙe manet amma ban ga komai a gilashin ba. Ƙirjina ya yi zafi, zafin da ban ji ba a Maraɗi, ban ji ba ranar da aka shigo da shi a ɗauke, na yi ta kuka a gaban matar yayana da furfurata da komai, ina tausayinsa, ina tsoron rasa shi. Bai ce mini in yi haƙuri ba. Ya bar ni na yi mai isata, sannan ya zungure ni da gwiwa. Na cire tabarau na goge da bakin riga, na mayar, na danna, ɗan dako ya ɗauki hanya.